Salatin da Kaka Ya Jira

Ɗiyata ta ƙarshe tana da shekara shida na yanka mata fangali guda na shuka a garkarmu, lambunmu na bakin tabki. Ita ta nace. Ta ji ana cewa azumi ya matso, ta kuma san kakanta, mahaifina, ba ya jin ya sha ruwa in babu kwaɗon ganyen salati da ƙuli-ƙuli a gabansa. Tsohon kullum cikin tsokanarta yake irin ta kaka da jika: "Matata raguwa, ko ganye ɗaya ba ki taɓa ba ni ba." Ta buga ƙafa, ta yi mishi alkawari ran ɗaya ga azumi salatinta zai ci.

Muka dasa tare. Na ba ta ƙaramin arozuwar, butar ban ruwa, na ce ban ruwa safe da marece nata ne. Kwana uku ana abin arziki. Daga nan kafin in waiwaya ta gama, tana can bakin ruwa tana kallon masunta.

"Kin ba su ruwa?"

"Na ba su, Inna, har sun ƙoshi!"

Fangalin kuwa ga shi ya yi duhu kamar ya sha. Na tura yatsa, ƙarƙashi a bushe ƙamas. Ashe 'yar nema yayyafa sama kawai take yi ta gudu.

Ni mai zuciya ce, duk unguwa an sani. Har na karyo tsumagiyar itacen bedi, sai na yar, don duka kafin la'asar ta manta shi. Na yi kamar ban gani ba. Kullum in tambaya, kullum ta ce ta ba su. Wallahi na fi ta shan wuya: in wuce da ruwa a hannuna, ina ganin dashe yana langaɓewa, in kau da kai.

Cikin sati suka ƙone. Ta ce rana ce. Na nuna mata nawa a gefe, kore shar, na ce ko ranar taki daban ce? Ta dubi nata, ta dubi nawa, ta fashe da kuka, gaskiya ta fito. Da ta share hawaye sai ta matso da raɗa: "Inna, ki ba ni naki in kai wa Kaka, ai ba zai gane ba."

"Ke! Ƙarya a kan ƙarya? Sabon dashe zan ba ki, amma ba zai isa yanka ran alkawari ba. Kakanki kuma da bakinki za ki gaya mishi."

Ran ɗaya ga azumi muka tafi gidansa gab da magariba, ni da kwanon kwaɗona, ita hannu sake, tana jan ƙafa. Bayan ya yi salla ta durƙusa, ta ce: "Kaka, na kashe su. Ban ba su ruwa ba, na ce na ba su." Na zaci dariya zai yi. Sai ya shafa gemu, ya turo mini kwanona.

"Ɗauke abinki. Ni na matata nike jira."

"Haba Baba, azumi fa!"

"Na ce ɗauke."

Ai kuwa tsohon nan ya kafe. Maƙwabta su aiko da salati, ya mayar. Kullum ita ke kai mishi kunu, kullum tana ganin tabarmarsa babu ganye. Wannan ya yi mata abin da tsumagiya ba za ta yi ba. Ita ke tada ni mu tafi garka, tana jido ruwa har zanenta ya jiƙe, tana yi wa salati faɗa wai su yi sauri, Kaka na jin kwaɗayi. Na sha dariya a ɓoye har cikina ya ƙulle.

Azumi na da ashirin da uku muka yanka. Ƙanana ne, amma nata ne. Ita ta wanke, ta daka ƙuli-ƙuli, ta cika gishiri, na gani na ƙyale. Ya kai loma, ya lumshe ido, ita kuwa ta tsaya a kansa tana kallon bakinsa. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Na miƙa hannu in ɗanɗana, ya janye kwanon.

"Je ki ci naki. Kwana ashirin da biyu na yi ina jiran wannan."