Hajiya Laraba da Fijonta: Abin da Ban Faɗa Miki Ba

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ina kwance a ƙarƙashin wata motar haya a garejina na Kibiya, Mukhtar ya kira ni a waya ya ce Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa. Hajiya Laraba ungozoma, wadda ta yi shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa tsakanin Rano da Kibiya, ta cika tana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar kwana tara. Ni Gwadabe bakanike ne, ba marubuci ba. Amma shekara ashirin da shida na yi ina gyara miki mota, Hajiya, kuma akwai maganar da ta rage tsakanina da ke.

Duk wanda ya girma a wannan yanki ya san farar Fijo 404 ɗin nan mai giya a jikin sitiyari. Kin saye ta tun kina sabuwar ma'aikaciya, a zamanin da in mace ta tuƙa mota sai mutane su fito ƙofar gida kallo. Da ita kika riƙa shiga ƙauyukan Durba da Fammar cikin damina, ki ɗauko mai naƙuda, ki kai ta asibiti, ki ƙi karɓar ko kuɗin mai. Matata Saude ma a kujerar bayanta ta haifi 'yarmu ta biyu, ba mu kai ga Rano ba. Kin yanke cibi a gefen titi, kika nannaɗe jaririyar da mayafinki, sannan kika juyo kika yi mini faɗa don na bari lokaci ya ƙure.

Kina da kirki, amma ba ki da saurin yarda da mutum. Ranar farko da kika kawo mini motar, kujera kika sa aka ajiye miki a bakin gareji, kika zauna har na gama. Daga baya na lura da ɗigon jan farce a jikin batir da kafireto da kowane fulogi. Ashe alama kike yi, don ki gane in an musanya miki kaya. Na ji haushi a lokacin. Da na ga yadda ake yi wa wasu masu tsofaffin motoci, sai na daina ganin laifinki.

Bara da kaka wani mutum ya zo gidanki na Rano, ya ce sunansa Alhaji Uzairu, daga Kano, wai yana tara tsofaffin motoci don sha'awa. Ya yi tayin da ya isa sayen mota ta zamani har a sami canji. Kika aiko aka kira ni, na tarar da shi yana zagaya motar yana shafa ta. Kika miƙa masa makulli kika ce ya tayar da ita ya ja baya. Ya shiga, ya yi ta lalube a tsakanin kujeru yana neman giya. Kika ba shi ruwa kika sallame shi. Ni ma ban yarda da shi ba. Hannun dillali na gani a jikinsa, kuma na san akwai masu sayen irin waɗannan motoci su yi gunduwa-gunduwa da su, su sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya.

Bayan ya tafi kika dube ni kika ce, “Motar nan tana cikin rumfa, ba a ganin ta daga titi. Wa ya gaya masa tana nan? Har lambar inji ya sani, Gwadabe. Mutum nawa ne suka taɓa buɗe gaban motar nan?”

Na rantse miki ba ni ba ne, kuma gaskiya na faɗa. Abin da na ɓoye shi ne na san ko wane ne. 'Yarki Lubabatu ce, kuma da izininta nake rubuta wannan. Yanar ido ta fara rufe miki gani, kin ƙi yarda a yi miki aiki, kin kuma ƙi barin tuƙi. Wata ranar kasuwar Kibiya kin bi ta kan buhun albasar wani mutum, saura ƙiris ki haɗa da matarsa da ke tsugune a gefe, kika ce ai su ne suka baza kaya a hanya. Lubabatu ta zo garejina tana kuka. Ta ce in ta yi miki magana za ki ce gadonki take hange. Ita ta nemo mutumin ta hannun wata ƙawarta, ita ta ɗauki hoton takardun motar ta aika masa. Ta roƙe ni in rufa mata asiri, na rufa.

Na kuma yi abin da ya fi wannan. Da kika kawo motar don birki, na gyara shi a yini ɗaya, amma na ce miki sai an kawo kaya daga Kano, don kawai in hana ki tuƙi. Sati ya wuce, wata ya wuce, kullum da ƙaryar da zan yi. A wata na uku sai ga ki a kan acaɓa, da kwalbar jan farcenki a hannu. Kika sa na buɗe gaban motar, kika sunkuya kina duba ɗigo ɗaya bayan ɗaya, fuskarki har tana taɓa inji saboda rashin gani. Duk suna nan. Sai kika ce, “To ba sata kake yi ba, riƙe ta kake yi har in gaji in sayar. Nawa ya yi maka alkawarin la'ada?” Kika sa aka ja motar zuwa gida. Wata huɗu ko gaisuwata ba kya amsawa sai da ka.

A cikin watannin nan Alhaji Uzairu ya dawo sau biyu, kowane zuwa da ƙarin tayi. Mukhtar ya ce a sayar a yi miki aikin ido da kuɗin, shi ma kika sa shi a layin waɗanda kike zargi. Na ji an ce wani lokacin kikan shiga motar a cikin rumfa ki zauna, ki riƙe sitiyari, ba tare da kin kunna ta ba. Ba wanda ya san abin da kike saƙawa. Daga ƙarshe, ba tare da shawara da kowa ba, kika sa aka cire tayoyin huɗu aka ɗora ta a kan bulo. Kika ce kin daina tuƙi, kuma ba za a sayar ba muddin kina numfashi.

Kwana biyu kafin rasuwarki na je duba ki. Lubabatu na zaune a bakin gado tana yi miki fifita. Kika gane muryata, kika ce, “Gwadabe, har yau ban san ko kai ne ba. In kai ne, na yafe.” Na dubi Lubabatu, ta sunkuyar da kai, fifitar ta tsaya. Na buɗe baki, sai na ce, “Na gode, Hajiya.” Iyakar abin da na iya ke nan. Kin tafi kina zaton na ci amanarki don kuɗi, kuma duk da haka kika yafe. Wannan ya fi mini nauyi fiye da a ce kin zage ni.

Ranar sadakar uku sai ga Alhaji Uzairu a zaman makoki. Ya yi addu'a mai tsawo, amma idonsa na kan rumfa. Allah ya san zuciyarsa, ni dai na ga ya ja Mukhtar gefe kafin ya tafi. Yanzu motar ta magada ce. Mukhtar na ganin a sayar kafin tsatsa ta cinye ta. Lubabatu, wadda ita ta kawo mai sayen, ta ce a cire kuɗin motar daga rabonta a bar mata ita, kuma jiya ta aiko in je in mayar da tayoyin. Na ce sai ranar da su biyun suka kira ni tare. Na gaji da yi wa gidan nan aiki a ɓoye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mukhtar da Lubabatu da jikoki, da dubban mutanen Rano da Kibiya da suka faɗo duniya a hannunki. Allah ya ba su haƙurin rashinki, ya hana tsohon ƙarfe raba zumuncinsu. Allah ya gafarta miki, Hajiya Laraba, ya haskaka kabarinki, ya karɓe ki da rahama kamar yadda kika karɓi 'ya'yan mutane. Yadda kika yafe abin da ba ki tabbatar ba, Allah ya yafe miki abin da Shi kaɗai ya sani. Amin.