Kifin da Baba Abakar Ya Kawo Ainu Shams

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Baba Abakar a gidan shayin nan na bayan tashar metro ta Ainu Shams ya san dokar wurin: in an kawo maka shayi, riƙe kofinka da hannu biyu. Ka kuskura ka ajiye, kafin ka yi bismillah ya zura hannu a aljihu, ya ciro ƙugiyarsa da ɗan zarenta, ya tsoma maka a ciki. Ƙugiyar ba irin tamu ta gida ba ce mai miƙaƙƙen baki. Ita a lanƙwashe take, tsininta ya juyo ciki, kamar zoben da ba a gama rufewa ba.

"Kofin nan shi ne cikin kifi, bakin kofin kuma leɓensa," in ji shi. "Duba!"

Sai ya fizgi zaren, ƙugiya ta fito fit, shayi ya fantsamar maka a riga. Ya sake tsomawa, ya ja a hankali, a hankali, sai ka ga ta mirgina ta cafke bakin kofi.

"Ka gani? In ka fizga ka tashi a banza. In ka bar ta, ita ta san aikinta." Sannan ya turo maka kofin. "Sha abinka, ai na wanke ta."

Yaushe ya wanke ta? Allah kaɗai ya sani. Ni dai na sha irin wannan shayin ya fi a ƙirga.

Ga waɗanda suka zo bayanmu, ni ne Sanusi. Karatu ya kawo ni Alƙahira daga Yauri, na yi shekarun gwauranci a Hayyu Sabi, da na yi aure na kama gida a Ainu Shams, hawa na biyu, Baba da matarsa Inna Halima suna samanmu. Shi Bahaushen Sudan ne, haifaffen Bur Sudan a bakin Bahar Maliya. Ya ce tun yana saurayi yake kwana a teku yana kamun kushar, wani ƙaton kifi mai faɗin baki da ke zaune a ramukan duwatsun ƙarƙashin ruwa. Rikici ya koro shi nan, ya zama mai gadin wani ofis a Dokki, ruwan da yake taɓawa kawai shi ne na tiyon wanke motoci.

Matsalar ita ce babu wanda ya yarda da labarin. Shugaban marasa yarda kuwa shi ne amininsa, Malam Tijjani tela.

"Rayyis," in ji Malam Tijjani, don haka yake kiransa da tsokana, wai shugaban jirgi, "makon jiya kifin nan tsawon hannu ne, yau ya kai tsawon benci. Me kake ba shi ne? Ka gaya mini in ba kajina."

Sai gidan shayi ya ɗauki dariya, Baba ma ya yi. Amma ni da muke hawa bene tare na san abin yana cin sa. Mutum ya baro gida, ya baro jirgi, ya baro kaburburan iyayensa, labarin nan kaɗai ya rage masa, shi ma ana cewa ƙarya ne. Wata rana ya tsaya a tsakiyar bene yana haki, ya ce, "Sanusi, wallahi kafin in mutu sai Tijjani ya ci kushar da na kama da hannuna." Ba dariya a fuskarsa ko kaɗan.

Kifin Nilu dai ba ya ci. "Kifin da ya girma yana jin hon ɗin motoci? Haba!" Inna Halima ta daina aikensa kasuwar kifi tun ranar da na raka shi muka tarar da kushar kwance a kan ƙanƙara. Baba ya naɗe hannun jallabiya, ya wage bakin kifin, ya zura hannu har gwiwar hannu.

"Ya Hajji," in ji Bamisiren mai kifi, "haƙori za ka cire masa?"

"Wa ya kama wannan? Dubi! Miƙaƙƙiyar ƙugiya har cikin tumbi, an yayyaga masa ciki. Wannan ba masunci ba ne, mahauci ne!"

"To saye za ka yi, ko ta'aziyya ka zo?"

"Ta'aziyya," in ji Baba. Ya ɗaga hannu ya yi wa kifin addu'a, muka koma gida da tumatir.

Ranar da ya ji cewa ni ɗan masunta ne, na ɗauka girmana zai ƙaru. Ina! Sai ya dafe kai. "Inna lillahi! Ɗan kogi! Ai ku hannunku ya lalace da fizga. Kifi ya taɓa kaɗan, ku zabura kamar an ɗana muku wuta." Daga nan ya ɗaura aniyar gyara ni, kuma makarantar ba wani wuri ba ce, barandarsa ce.

Kun san kwandon nan da matan Alƙahira ke saukarwa da igiya daga bene, mai burodi ko mai kayan miya ya zuba musu su ja. To na Inna Halima shi ne fatsarmu. Baba zai zaunar da ni a baranda, ya ce in rufe ido, igiya a kan yatsana. Shi kuma ya sauka titi, dattijo da furfurarsa, ya kama kwandon. Shi ne kifin. Sai in ji ɗan ja, ƙis, ƙis. Hannun nan da mahaifina ya horar a bakin Kwara ba ya shawara da ni, sai dai in ga na fizga.

"Ka fizga!" Muryarsa har ƙarshen layi. "Khalas, shi ke nan, na tafi! Na koma ramina ina yi maka dariya!"

Wata maƙwabciyarmu Bamisiriya ta leƙo ta tambayi Inna Halima ko maigidan lafiya. Inna ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, yau kifi ne. Anjima zai dawo mutum."

Ranar da na ci jarrabawar ma ba ta yi kyau ba. Na daure, na ƙi motsi, na ji an taɓa, na bari, na ji nauyi ya sauka sosai, sannan na ja a hankali ina ji da kaina. Da na buɗe ido, burodi ne cike da kwando. Ashe Baba ya ji kiran la'asar ya wuce masallaci bai sallame ni ba, mai burodi kuma ya ga kwando a ƙasa ya yi aikinsa. Inna Halima ta karɓa ta ce, "Alhamdu lillahi! Shekara da shekaru ana su a gidan nan, yau aka fara kama abin ci."

Abin da ya hana shi zuwa teku duk shekarun nan takarda ce. Ba a barin baƙo ya hau jirgin kwana sai iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta zama daidai, tasa kuwa kullum ana kan sabuntawa. Da ta fito, ko kwana uku bai bari ba. Muka kama mikrobas, ƙaramar bas ta haya, bayan asuba, muka ratsa hamada, da la'asar muna cikin jirgi a Bahar Maliya tare da wasu Misirawa masu sandunan kamun kifi sai ƙyalli suke. Baba kuwa zarensa ne mai kauri naɗe a jikin guntun katako, da dalma, da ƙugiyoyinsa lanƙwasassu a cikin gwangwanin madara.

Ni ɗan masunta, jikan masunta, tun kafin magariba na rungumi gefen jirgi ina amayar da duk abin da na ci tun daga Alƙahira. Baba ya daddaɓa bayana ya ce, "Tamam, ci gaba, kana tara mana kifi."

Bayan isha'i mai jirgi ya tsayar da mu a saman duwatsun ƙarƙashin ruwa. Misirawa suka jefa, suka fara ciro ƙanana suna ihu. Na ɗago kai na ga Baba zaune a lungu, bai jefa ba. Yana ta ƙoƙarin zura zare a idon ƙugiya, hannun yana rawa. Na sha ganin rawar nan a gidan shayi, ban ɗauke ta komai ba. Sau uku zaren yana kuɓucewa.

"Sanusi," ya ce a hankali, "matso ka tare ni, kada su gani."

Na matso. Ya faɗa mini yadda zan ƙulla, na ƙulla, na saƙala yankan kifi, na saki dalma har ta taɓa ƙasa. Na miƙa masa zaren. Ya riƙe, ya gwada damƙewa, yatsun suka ƙi.

"Hannun ya tafi," in ji shi. "Kai za ka riƙe."

Wallahi na fi son in sake yin amai da in ji wannan maganar. Ya naɗa mini tsumma a tafi, ya ɗora yatsunsa a wuyan hannuna, muka zauna. Mun daɗe. Misirawa har sun fara gyangyaɗi. Can na ji ƙis, ƙis. Hannuna ya zabura, sai Baba ya mintsine ni mintsinin da har yau in na tuna sai na shafa wurin.

"Bar shi. Ɗanɗanawa yake." Zaren ya fara zamewa a yatsuna. "Bar shi, ya ɗauka. Yanzu zai juya gida." Zaren ya miƙe, ya yi tauri, nauyi ya sauka kamar na ɗaure buhun hatsi. "Yalla! Ja! Kada ka bar shi ya kai rami, in ya shiga sai dai mu yi masa sallama! Ja, ɗan kogi!"

Na ja. Tsumman ya zame, zaren ya ci tafin hannuna, ban saki ba don Baba yana kunnena yana zagin Yauri da kewayenta. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga mai jirgi ya zo da ƙarfen jawo kifi, mutum biyu sun taya shi, wani abu mai duhu ya faɗo cikin jirgi yana buɗe baki. Daga ƙasa ya kai mini ƙirji. Ƙugiyar tana maƙale a kusurwar leɓensa, daidai inda take kama bakin kofi. Baba ya durƙusa, ya zare ta da yatsa biyu, ya shafa kan kifin.

"Salamu alaikum," ya ce masa. "An daɗe ba a haɗu ba."

Mai jirgin ya sumbaci goshin Baba ya kira shi rayyis, kuma shi ba da tsokana ba. Amma da gari ya waye sai Baba ya matso kusa da ni. Ya ce, "Na rantse da hannuna zan kama. Ba hannuna ba ne." Na ce, "Baba, aron hannu ka yi. Da ni kaɗai ne da tuni na fizga." Ya yi ɗan tunani ya ce, "Gaskiya ne. Amma kada ka faɗa a Ainu Shams."

Hoto ya ƙi a ɗauka, wai Tijjani zai ce da waya aka kumbura kifin. Don haka kushar ya samu kujerarsa a mikrobas, cikin ƙanƙara, a gefen taga, ni ina tsakiya ina jiƙewa.

Wasunku suna nan ranar. Kun ga yadda aka shimfiɗe kifin a teburin gidan shayi, Malam Tijjani ya ciro tef daga wuya ya auna, ya sake aunawa, ya nannaɗe tef ɗinsa ya mayar wuya. Inna Halima da matan layi suka dafa, aka ci aka kai wa maƙwabta. Baba bai ci ko loma ba. Yana ta zagaye da hannu a baya, duk wanda ya taɓa yi masa dariya sai ya sunkuya a kansa ya ce, "Ya ɗanɗanon ƙaryar? A ƙaro maka ƙarya?" Malam Tijjani sau uku ana ƙaro masa.

Na riƙe amanar har ciwo ya kwantar da Baba. Ana saura kwana biyu ya rasu, muna ɗakinsa ni da Malam Tijjani, sai ya ce a ɗaga shi zaune.

"Tijjani, ba zan tafi da abu a wuya ba. Kifin nan, ba ni na jawo shi ba. Sanusi ne."

Malam Tijjani ya ci gaba da jan carbinsa. "Na sani."

"Ka sani? Sanusi!"

"Rabu da shi, bai faɗa ba. Ni tela ne, hannu nake kallo. Ranar nan tafinsa duk a yayyage, naka kuwa kamar na amarya."

"To me ya sa ba ka tona ni ba?"

"In tona me? An kai mai amai teku, an zaunar da shi a kan ramin kifi, an hana shi fizga. Wa zai iya wannan in ba rayyis ba? Abakar, ni tun ranar da ka fara tsoma mini ƙarfe a shayi na san ba ƙarya kake yi ba. Amma in na yarda, da wa zan riƙa faɗa a garin nan?"

Baba ya kalle shi. Hawaye na bin gemunsa, yana dariyar da ba ta da sauti. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Shekara nawa kana cin raina a banza, mugu. Sanusi, in za ka ba da labarin ka faɗi gaskiya duka. Amma kifin, kada ka rage masa ko taƙi ɗaya."

Ban rage ba, Baba. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka a wannan ƙasa da ba taka ba. Allah ya ba Inna Halima haƙuri, ya ba Malam Tijjani haƙuri, don tun da ka tafi ba ya tsokanar kowa. Allah ya haɗa mu da kai a gidan da ba a korar kowa daga cikinsa. Amin.