Shekarar da Ba Ni da Aji

Ina da shekara takwas aka kai ni riƙo wurin gwaggona, a wani ƙauye da ke kusa da Tajaye. Na gama aji ɗaya a Konni, ga takardata mai hatimi tana cewa in shiga aji biyu. Babana ya naɗe ta a leda ya danƙa wa yayar tasa, ya roƙe ta kada ta raba ni da karatu. Ta amsa masa da to. Yana juya baya ta kafa mini nata sharaɗin.

"Ni ban ciyad da mai zaman banza. In kinka zo ta ƙarshe, lakwal ta ƙare. Ga turmi, ga taɓarya."

Washegari muka je lakwal ɗin, wato makarantar. Ɗaki ɗaya ne na laka, malami ɗaya. Mushe muke ce masa, wato malam a bakin 'yan lakwal, kuma shi ne darakta, shi ne mai buga ƙarfen shiga aji. Ya karanta takardata, ya juya bayanta kamar zai ga wani abu daban, sannan ya sosa ƙeya.

"Aji biyu? Ai ba mu da shi bana. Sai baɗi."

Gwaggo ta ce, "Ina ya tahi?"

Ya yi mata bayani cewa a ƙauyen sai bayan shekara biyu ake ɗibar yara, saboda haka bana aji ɗaya da aji uku kawai ke akwai. Gwaggo ba ta gane ba, ni ma haka. A Konni aji ɗaki ne mai ƙofa da taga, ban taɓa jin an ce ya yi tafiya ba. Na daɗe ina zaton wata rana zai dawo, har nakan leƙa bayan ɗakin.

Ɗakin yana da allo biyu. Ƙanana suna fuskantar na gabas, manya na yamma, sun ba juna baya. Mushe ya ɗauko tubali ya ajiye a tsakiya, daidai inda bayan waɗannan ya kusa haɗuwa da bayan waɗancan, ya ce nan ne ajina. In abin ƙanana ya yi mini sauƙi in juya yamma, in na manya ya fi ƙarfina in juya gabas. Bai faɗa mini yadda zan gane ba.

Haka na wuni ina juyi. Ƙanana na rera baƙaƙe, manya na rera jadawalin sau, duk a lokaci ɗaya. Bakina na tare da waɗannan, kunnena na wurin waɗancan. Na fara koyon rabawa ban iya ragewa mai aro ba, domin a aji biyu ake koyar da ita. In na juya gabas sai in tarar da abin da na sani tun bara, barci ya kama ni. In na juya yamma sai in ga mushe ya cika allo da abin da ko bakinsa ban gane ba, kowa na gyaɗa kai. Ni ma in gyaɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabon wahala, nan kam ba a mantawa da ni. Ƙanana suka yi surutu aka bi su da tsumagiya, ina ciki. Manya suka kasa aikin gida, ina ciki. Ranar sharar ƙanana in yi shara, ranar ɗibar ruwan manya in ɗauki tulu. Amma in an fita shan iska, manyan 'yan mata su ce in koma wurin jarirai, ƙananan kuma su gudu, wai ni 'yar manya ce. Kiran suna da safe ma sai an gama na azuzuwan biyu kaf, mushe ya rufe littafi, ya ɗago ya ce, "Ke ma kin zo?" In ce na zo.

Kullum da yamma gwaggo na tankaɗe tana tambaya ta, "Wai ke aji nawa kike?" Wata rana in ce ɗaya, wata rana uku. Ta ce ko dai ni ce maƙaryaciya, ko mushen ne bai da cikakken hankali.

Da jarrabawar ƙarshen shekara ta zo, ruwan farko ya sauka, hankalin kowa ya koma gona. Mushe ya ba ni ta ƙanana da safe, ya ba ni ta manya da la'asar. Na yi duka biyu, ban san wadda za a ƙirga ba, kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Ranar faɗin sakamako iyaye suka taru a gindin bishiyar bedi ta makaranta. Gwaggo ta zo da ƙwaryar irinta a ka, daga nan gona za ta wuce. Mushe ya karanta na aji ɗaya daga sama har ƙasa, babu ni. Ya karanta na aji uku, babu ni. Mutane suka fara watsewa.

"Mushe, ɗiyata hwa?" in ji gwaggo.

Ya zaro takardu biyu daga aljihu, ya riƙe ɗaya a kowane hannu. "Shi na rasa yadda ni ka yi, inna. Cikin ƙanana ita ta zo ta ɗaya. Cikin manya ita ta ƙarshe."

"Duk ita ɗai?"

"Duk ita ɗai. In na rubuta ta ɗaya, baɗi ta bi ƙanana aji biyu. In na rubuta ta ƙarshe, in tura ta aji huɗu da manya, ta sha wuya." Ya dube ni. "Ke, wacce kike so?"

Wannan ai ba abin tambaya ba ne. Ta ɗaya nake so. Ina son a faɗa a gaban jama'a, ina son labari ya kai Konni, kuma na san abin da ke jira na a gida in aka ce ta ƙarshe. Na buɗe baki, gwaggo ta riga ni.

"Rubuta ta ƙarshen."

Na fashe da kuka. Na ɗauka shi ke nan, ta sami hanyar da take nema. Mushe ma ya tsaya da biro a hannu yana kallon ta.

"Rubuta mana," ta ce. "Ta bi manya, ta yi ta gama da wuri in samu mai yi min daka. Shekara guda yarinya na murɗa wuya awa mujiya, ya isa."

Ya rubuta. Ta karɓi takardar ta cusa cikin ƙwaryar iri, muka nufi gona, tana gaba ina baya ina shessheƙa. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma sake tayar da zancen sharaɗinta ba. Da kaka ta yi aka koma makaranta, ita ta tashe ni da sassafe ta ce kada in makara.

Na bi manya har muka gama, kullum ina can wajen wutsiya ina fafutuka. Ban sake zuwa ta ɗaya ba a duk karatuna. Sau ɗaya tak na taɓa ci, shi ma ba a rubuta ba. Gwaggo ta rasu ban tambaye ta ko gata ta yi mini ranar ko cuta ba, kuma har yau in na tuna ina jin haushinta, ina kuma kewarta.