Lambar da Aka Ɗinke Cikin Fata

Yayana Yusha'u ya yi shekara ashirin da biyu a soja bai taɓa harbin ko zabuwa ba. Kuku ne, ludayi ne makaminsa, kuma mun sha tsokanarsa a kan haka. Amma shi kaɗai ne a Tsaskiya yake da lambar yabo ta jarumta. Wata damina motar haya ta faɗa kogi kusa da barikinsu, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, ya fito da mutum bakwai da ransu.

Da ya yi ritaya ya dawo gida noma, sai lambar ta zame mana ƙarfen ƙafa. A yankinmu duk wanda 'yan bindiga suka san ya taɓa sa kaki, ba kuɗin fansa suke nema a kansa ba, kashe shi suke yi. Na ce ya jefa ta rijiya, ya ƙi. Taurin kai gare shi kamar jaki. Sai ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, ya ɗaura a damtse.

Ranar kasuwar Batsari, ya goyo ni a babur, 'yan bindiga suka tare mu gab da Ruma da rana tsaka. Aka kwantar da maza ana lalube su. Wani dogo mai rawani ya damƙi damtsen Yaya, ya ji tauri, ya zaro wuƙa ya tsinke igiyar layar.

"Tsoho, mi na a ciki?"

Tsinin wuƙar na kan ɗinkin, kuma in ya farke, hoton tambarin soja zai fara gani.

"Maganin ƙarfe ne, gadon kakana," in ji Yaya, muryarsa ko rawa. "Amma ka sani, laya in an buɗe ta, ta karye."

Dogon ya daɗe yana juya ta a tafin hannu. Can ya mayar da wuƙar kube, ya ɗaura layar a nasa damtsen, ya ce mu ɓace.

A gida ina ta hamdala, shi kuwa tuwonsa ya huce a gabansa.

"Yaya, ka ci mana. Ai ka tsira."

"Na tsira, Asama'u," ya ce. "Rai bakwai na ceta aka ba ni ita. Yanzu tana hannun da ke kashe mutane, kuma da ita zai ƙara samun ƙarfin zuciya."