Garin Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa zama da Kawu Sale a unguwar Handsworth ta Birmingham ya san ba a gama gaisawa bai kai ka tsaunukan Austriya ba. Akwai wani ɗan gari can mai kasuwa da 'yan yawon buɗe ido, inda aka tura shi kwas yana saurayi, ya koyo yadda ake samar da lantarki da ruwa. Sunan garin ya fi ƙarfin harshenmu, muka sa masa Garin Kawu. Burinsa ɗaya ne, ya sake ganinsa kafin ya mutu. Matarsa, Gwaggo Hajara, ta ce sai dai bayan ranta.

In ya zo wurina Manchester ana ruwa, tsayawa yake a bakin titi yana ta faɗa. "Dubi asara! Allah ya ba ku ruwa kullum, kun rasa abin yi da shi sai riƙe lema."

Wata rana a wani gidan abinci a unguwar Rusholme ya ritsa mai wurin da darasi. Ya ɗaga butar shayi sama, ya riƙe cokali a ƙasa. "Wannan dutse, wannan turbine, injin da ruwa ke juyawa." Ya tsiyaya. Shayin ya fantsama kan sabon leshin Gwaggo. Kawu ya dube shi da sha'awa ya ce, "Kin ga pressure ko?" An daɗe ba a tuƙa tuwo a gidan Kawu ba.

Da gwiwoyinsa suka ƙi, likita ya hana shi tafiya mai nisa. Muka lallaɓa shi ya haƙura, ya ce, "Shi likitan ya taɓa zuwa?" Muka gaji muka kai shi. Wadda ta ce sai bayan ranta ita ce a gaba, rungume da jakar magungunansa.

Mutane na layin hawa dutse, wasu na sayen cuku a kasuwa, Kawu ya ja mu bayan gari yana ɗingishi, har gindin wani ƙaton gini marar taga.

Gwaggo ta ce, "Malam, bango muka zo gani? Babu bango a Birmingham?"

Kawu ya dafa bangon da tafin hannu, injina na gurnani a ciki. Can ya ce mini, "Wannan ƙarar aka ce in koyo in kai gida. Na koma, na jira, na jira. Kogin garinmu har yau zuba yake a banza. Inna da fitilar ƙwai ta rasu."

Ni da nake shirin tsokanarsa, sai hawaye. Gwaggo ta ajiye jakar, ita ma ta dafa bangon.

Bai ga wata bazarar ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sada shi da Innarsa. Kogin nan kuma Allah ya kawo mai cika masa alkawari.