Ranar da Aka Wanke Mini Ƙwarya

Ba a wanke ƙwaryar kindirmo da sabulu. A garinmu ko yarinyar da ba ta iya ɗaura zani ba ta san wannan, amma sai da na tsufa a Enugu, a gidan ɗan da na haifa da cikina, aka nuna mini akwai masu hankali da ba su taɓa jin maganar ba.

Ina amarya maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Kano zuwa Onitsha, inda yake sayar da albasa a kasuwar Head Bridge. Cikin duk kayan da innata ta haɗa mini, babu abin da ta ja mini kunne a kansa kamar wata ƙwarya da 'yar gora mai ɗauke da iri. Iri shi ne ɗan ragowar kindirmon jiya da ake zubawa cikin madarar yau don ta kama. Ba abin ajiya ba ne. Kullum sai an ba shi sabuwar madara, in ba haka ba ya yi tsami, ya tsinke, ya mutu. Innata ma a hannun tata uwar ta karɓa. A bayan babbar mota muka taho, kan buhunan albasa, ina rungume da gorar cikin jiƙaƙƙen tsumma. Duk inda aka tsaya sai na nemi ruwa na sake jiƙa shi kafin ni in sha.

Da muka sauka na tarar babu Bafulatana mai kawo madara ƙofar gida, sai madarar gari a kanti. Garin kuma ga zafi ga laima, tufafi ma ba sa bushewa. Da farko irin ya yi mini yaji, yau ya kama gobe ya ƙi. Na bi shi a hankali har muka fahimci juna: ruwan da ƙaramin yatsana zai iya jurewa, a dama madarar har ba gudaji, a rufe da faifai, a ajiye bayan randa kan jiƙaƙƙen yashi. Ƙwaryar kuwa ruwan zafi kawai take gani, sai inuwa. Da shekaru suka tura cikinta ya yi duhu, ya yi santsi kamar an shafa mai, kuma ƙanshin da ke cikinta ko ba komai a ciki kana jin sa.

Da wannan na raini 'ya'yana. Ban ce yana maganin komai ba, ni ba mai tallan magani a mota ba ce. Amma in yaro ya gama shan maganin asibiti cikinsa ya rikice, ludayi guda a koko da safe yana zaunar da shi. Matan unguwa duk sun sani. Kowace baƙuwa ta zo daga Arewa, ko ta Zazzau ko ta Katsina, in ta kwana biyu sai a ce mata ta je ta gaishe ni ta karɓi iri. Abin yana da ƙa'ida. Ba a sayarwa, ba a hanawa, kuma ba a aike. Da ƙafarki za ki zo, da kwanonki mai murfi, ki durƙusa ki roƙa da bakinki. Na ba matan Head Bridge, na ba na wajen Kasuwar Ochanja, wasu suka tafi da shi har Fatakwal. Ni kuwa ban taɓa roƙon kowa ba, don nawa bai taɓa mutuwa ba. Haihuwa, rasuwa, tafiya gida, ranar da aka rufe maigidana ma sai da na tashi daga cikin masu zaman makoki na dama madara.

Bayan rasuwarsa ɗan farina ya dawo da ni wajensa a unguwar Asata, cikin Enugu. Matarsa 'yar Hausawa ce, amma a Enugu aka haife ta, Ibo ya fi zama a bakinta. Ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ma ya fi ƙona mini rai, don da muguwa ce da na san inda zan ajiye ta. Mace ce mai tsaftar da ta wuce misali. Cokali ya faɗi ƙasa sai an tafasa shi.

Bara taifot ya kwantar da ni. Ana tallabe da ni za a sa ni a mota, jiri na ɗibata, na riƙe hannunta na ce, "Ƙwaryar nan da ke bayan randa, kullum da safe ki ɗebi ludayi guda ki zuba a sabuwar madara. Kin ji ni?"

Ta ce, "To, Mama."

Na daɗe a asibiti, ƙarin ruwa da allurai da ƙwayoyi kala-kala. Zazzaɓin ya tafi, amma ya bar mini ciki kamar an kwance famfo. Abin da na ci duk ba ya tsayawa. Ina kan gadon nan babu abin da nake hange sai kindirmona mai sanyi.

Ranar da aka sallame ni, tun daga bakin ƙofa na hango wani abu fari an kife shi a rana kan durom ɗin ruwa. Wallahi ban gane ƙwaryata ce ba. Sai da na matso na ga ɗinkin da na yi mata a baki shekarun baya. An kankare cikinta da soson ƙarfe har ya yi fari fat, warin bilic yana tashi kamar banɗakin asibitin da na baro.

Na ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Ta fito daga kicin tana goge hannu, har da murmushinta. "Ni ce, Mama. Kin ga yadda ta yi kyau?"

"Abin da ke ciki fa?"

"Na zubar. Hidimar kai miki abinci ta sa na manta kwana biyu, da na buɗe duk ya yi ruwa a sama, yana wari. Mama no vex, ki yi haƙuri, ga sabuwar roba mai murfi na sayo miki."

"Ruwan saman nan ana tsiyaye shi ne. Na ƙasan yana da rai. Kina da baki, ina da kunne, asibitin ba a Makka yake ba. Me ya hana ki tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai, sannan ta faɗi maganar da har in mutu ba zan manta ba. "Likita ya ce a kula da abin da kike ci. Na ga kamar ma daga ƙwaryar kika ɗauko ciwon."

Ban san ina da sauran ƙarfi ba sai lokacin. Na ce, "Daga ƙwaryar? Mijin da kike taƙama da shi, ƙashinsa da namansa daga ƙwaryar nan suka fito. Kafin uwarki ta san hanyar ɗakin miji ana shan abin da ke cikinta. Ke da ko daddawa kika gani sai kin toshe hanci, ke ce za ki gaya mini abin da ya ruɓe?" Maƙwabta suka leƙo ta taga. Ban rage murya ba, da ma su nake so su ji.

Da yamma ɗana ya shigo ɗakina da wata 'yar kwalba mai farin murfi. Ya zauna a ƙasa, ya gaishe ni da jiki, ya jima yana juya ta a hannu.

"Hajiya, likita ne ya rubuta. Furobayotik sunansa. Abin da ke cikin kindirmon nan naki, shi ne aka zuba a kafso. Ƙwayoyi ne masu rai, suna gyara hanji bayan magani ya wanke shi, an ce har garkuwar jiki suna taimaka wa."

"Masu rai?"

"Masu rai, Hajiya."

"Me suke ci a cikin kwalbar?"

"Ba sa cin komai. Kamar barci suke, sai sun shiga ciki su farka."

"'Ya'yan wane gida ne?"

Ya so ya yi dariya, ya kalli fuskata ya fasa.

Na ce, "Wato ashe kun san akwai rai a abin. Likitanku ya sani, kai ka sani. Nawa da ke farke, yana ci yana sha a hannuna tun kafin a haife ka, shi ne ƙazanta, aka zuba masa bilic. Na baƙi da ke barci a kwalba, ba wanda ya san uwarsu, su ne magani. Tashi ka ba ni wuri."

Na sha, ba zan ɓoye ba. Wanda ke zarya banɗaki da buta ba ya jan faɗa da nisa. Cikin kuma ya zauna. Ko kafson ne, ko lokacin sauƙi ne ya zo daga Allah, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne duk safiya matar ɗana za ta miƙo mini da kofin ruwa tana cewa, "Kin ga jikin ya yi kyau, Mama," kamar maganar ta ƙare ke nan. Ita a ganinta cikina ne ya ɓaci kuma an gyara. Ta sayo yogot na kanti wai in yi iri da shi. Na gwada don kada a ce ban gwada ba. Ya kama, amma da yauƙi da wani zaƙi-zaƙi na banza, ba shi da baya a harshe. Na ba kajin maƙwabta.

Na sa aka yi ta buga waya. Wadda ta tafi da shi Fatakwal ta rasu, 'ya'yanta ba su ma san ana maganar me ba. Matan Asata da na ba da hannuna duk sun koma na kanti, wata har tana ce mini ai ya fi sauƙi. Mutum ɗaya ta rage: wata Kirista 'yar Kudancin Kaduna da muka yi zaman gida ɗaya a Onitsha, ƙanwar bayana ce nesa ba kusa ba, yanzu tana sayar da fura da nono kusa da Ochanja. Ta ce nata yana nan.

Ɗana ya ce a saka a kular ƙanƙara a ba direban bas ya kawo. Na ce ba a aike. Ya ce jikina bai yi ƙwari ba. Na ce da kuka wanke ƙwaryar ba ku tambayi ƙwarin jikina ba. Na ɗauki kwanona mai murfi na shiga motar Onitsha, hanyar nan tana jijjiga mini ƙasusuwa, daga tasha na hau keke mai ƙafa uku har bakin rumfarta.

Ta tarbe ni da murna, muka gaisa, ta tambayi jiki da mutanen Enugu, na tambayi yara da kasuwa. Sai ta kalli kwanon da ke cinyata, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Yaya, wannan kwanon fa? Tsaraba kika kawo mini?"

"Kin san abin da ya kawo ni."

"Ni ban sani ba. Wata Hajiya ce ta koya mini wai da baki ake roƙa. Ranar ma ina da tsohon ciki, ba ta ce in bar durƙuson ba."

Masu shan fura a benci suka bar ludayansu suna kallo. Na dafa sandata na fara sauka, gwiwoyin nan suna ƙara. Ta bar ni sai da na kusa kai ƙasa sannan ta riƙo ni tana dariya har da hawaye. Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Ki ba ni iri, don Allah." Tunda nake ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba.

Ta buɗe firiza ta ciro wani bokitin fenti na roba. A cikin bokitin fenti irin innata yake zaune. Na ɗanɗana, na rufe ido. Yana nan, can baya wajen maƙogwaro, amma siriri, kamar muryar mutum daga ƙarshen layi.

Na ce, "Me kika haɗa masa?"

Ta ce babu komai. Na ci gaba da kallonta.

"To, sau ɗaya ne. An daɗe ba wuta, ya kusa tafiya, na ƙara masa na kanti ya farfaɗo. Yaya, shekara nawa, wa zai gane?"

Na rufe kwanona na yi mata godiya, don ƙa'ida ce.

A Asata na zuba shi a tsohuwar ƙwaryar, ya tsinke. Na sake da ragowar da na ɓoye, ya sake tsinkewa, warin bilic ya shiga jikinta ba ya fita. Dole na je kasuwar Ogbete na sayi sabuwa wajen wani dattijo Bazazzagi, na jiƙa ta, na shanya a inuwa, na zuba ɗan abin da ya rage ina bismilla. Washegari na ɗaga faifai na tarar ya kama, ya yi kauri, ludayi yana tsayawa a ciki.

Na ɗebo a kofi na kira ɗana. Shi ne ya fi kowa shan na da, tun yana rarrafe. Ya kurɓa, ya lashe baki, ya sake kurɓa.

"Alhamdulillahi. Hajiya, ai shi ne. Babu bambanci ko kaɗan."

Matarsa tana bakin ƙofa, na ji ta sauke ajiyar zuciya.

Na ce, "Sake sha."

Ya shanye, ya ce wallahi shi ne sak. Ba daɗin baki yake yi mini ba, na san fuskarsa in yana ƙarya. Da gaske bai ji ba. Ashe duk shekarun nan haɗiya kawai yake yi. Ban da harshena babu sauran inda ɗanɗanon nan yake a duniya, kuma ba ni da ludayin da zan ɗebo shi in nuna wa wani.

Na karɓe kofina na ce su fita, su ja mini ƙofa.