Yadda Aka Ƙwace wa Muzna Sunanta

Ni na nemo sunan nan, don haka kada wani ya ce ina wanke kaina. Na fi shekara ashirin ina koyar da yara a wata Islamiyya a nan Agege, cikin Ikko, ta bayan layin dogo, kuma duk wanda aka yi wa haihuwa a danginmu ni yake tara da maganar suna, wai ni ce mai Larabci. Larabcin nawa na gwargwado ne, amma a rashin uwa ake uwar ɗaki.

Ƙanina tumatir da tattasai yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Allah ya buɗa masa, mota-mota ake sauke masa kaya daga Arewa, har yaran kasuwa suka koma ce masa Oga. Da matarsa ta haifi 'yarsu ta fari, kwana uku da haihuwa ya zo ya same ni ina tsince shinkafa.

Ya ce, "Yaya, suna nake so wanda babu mai shi. Daga nan har Ikorodu kada a samu na biyu."

Na ce, "Ga sunan mahaifiyarmu nan, Allah ya ji ƙanta."

Ya ce, "Haba Yaya! Sunan da in ka kira a tsakar gida mutum uku za su amsa?"

A nan ya kamata in wanke shi tas. Ban yi ba. Kaina ne ya kumbura don an zo wajena, na kwana biyu ina buɗe wani tsohon ƙamus da shafukansa suka fara zubewa, har na faɗa kan Muzna. Ma'anarsa farin girgije mai ɗauke da ruwa, ba irin hadarin da ke tada ƙura ya wuce ba. Larabawan sahara ne suke sa wa 'ya'yansu mata, su da suka san zafin jiran ruwa, kuma kalmar tana cikin ayar da ke maganar ruwan da muke sha. Na zauna na zayyana masa duk wannan, yana ta danna waya. Da na gama sai ya ɗago.

"Akwai mai shi?"

Na ce ni dai ban taɓa ji ba. Shi ke nan, ya tashi yana washe baki. Ma'anar ko a jikinsa.

Ranar suna an yi shagali. An buga sunan a jikin kofuna da bokitan roba, an rubuta shi a gilashin bayan motarsa da manyan haruffa, yadda ko direban bas ɗin danfo da ke bayansa a cunkoso sai ya karanta. Yarinya ta taso tubarkalla, ga wushirya ga surutu kamar aku, da ta isa shiga makaranta aka kawo ta ajina. Ni na gaya mata ma'anar sunanta, ta kuwa riƙe. In hadari ya haɗo sai ta fito da gudu tana nuna sama tana cewa, "Goggo, ga ni can!" Ina ƙaunar yarinyar nan, ba na ɓoyewa.

Suna kuwa ba ya zama a gida ɗaya. Da farko wani babban ma'aikaci a Ikeja ya sa wa 'yarsa. Ƙanina bai damu ba, har alfahari yake yi a majalisa, wai daga wajensa aka kwafa. Bayan nan wani mai motocin haya ma ya sa. Nan ma lafiya lau. Ashe ba yawan masu sunan ne damuwarsa ba, ni ce ban gane ba.

Akwai wani ɗan dako da ya daɗe yana sauke masa kaya a kasuwa. Magidanci ne, ya girmi ƙanina nesa ba kusa ba, ɗaki ɗaya yake haya shi da iyalinsa. In an je da Muzna kasuwa ranar Asabar, wajensa take maƙalewa, tana ce masa Baba, shi kuma ya ɓare mata gyaɗa. Tana da shekara shida matar mutumin ta haifi 'ya mace, bayan maza huɗu.

Ina gidan ƙanina wata Lahadi da hantsi sai ga ɗan dakon nan ya yi sallama. Ya sa rigarsa ta Juma'a, a hannunsa akwai ƙullin goro da alawa da naman suna a baƙar leda. Ya cire takalmi tun daga ƙofa ya durƙusa.

Ya ce, "Oga, an samu ƙaruwa. Na yi wa 'yar gida takwara."

Duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san abin da ake yi a nan. Mutum ya ɗauki sunan 'yarka ya sa wa tasa, ai girma ya ba ka, ya nuna ya yarda da tarbiyyar gidanka. Godiya ake yi, a sayi turmin atamfa da kayan jarirai, a tura takwara ta je ta ɗauki jaririya. Muzna har ta fara tsalle tana cewa a kai ta ta gani. Matar ƙanina ta miƙe za ta ɗauko mayafi.

Sai ƙanina ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Mutumin ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

"Tambayarka nake yi. Suna kwandon tumatir ne da kowa zai sunkuya ya ɗauka? Duk sunayen da ke ƙauyenku ba su ishe ka ba?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Dattijon nan ya dubi goron da ke gabansa, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Oga. Ban san laifi ba ne." Ya tashi. Ƙanina ya ce ya kwashe ledarsa ya tafi da ita. Ya kwashe kuwa, ya fita da takalminsa a hannu, bai tsaya sawa ba.

Ranar na yi wa ƙanina tatas. Na ce, "Kai, ka ji kunya! Ubanmu da me ya shigo Ikko? Huhun goro ya yi ta ɗauka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Da guminsa na dako aka yanka ragon sunanka, ko ka manta?"

Ya ce, "Ban manta ba, Yaya. Shi ya sa ba na so a mayar da ni can."

Na zaci maganar ta tsaya nan. Ina! Bayan mako biyu ya zo har makaranta, wai in sake buɗe ƙamus ɗin nan in nemo masa wani sunan, zai canza wa yarinya. Wai a kasuwa ana ta tsokanarsa, ana ce masa shi da ɗan dakonsa sun zama iyayen takwara. Na ce suna ana canza shi ne in yana da mummunar ma'ana, to me girgijen ruwa ya yi maka? Yarinya ta yi wayo, ta san kanta da sunanta, har ta iya rubuta shi. Na ce ko hannuna zai rube ba zan buɗe masa littafi ba.

Bai rasa hanya ba. Ya lalubo wani suna a waya, ya kuma samo irin malaman nan da in an cika musu ciki sai su ce komai ya halatta. Sabon sunan ba zan rubuta shi a nan ba. Ba shi da aibi a kan kansa, ni ce bakina ba ya son sa. Matarsa ta zo wajena tana kuka, tana cewa, "Yaya, ki yi masa magana, ke yake ji." Na ce da yana ji na da ba mu kai nan ba.

Aka sa ranar walima. Aka tare layi da rumfa, aka yanka rago, aka dafa shinkafa tukunya-tukunya, aka buga sababbin kofuna. Na je ne don yarinyar kawai. Abin da ya fi tayar mini da zuciya mutanen da suka cika rumfar. Su ne jiya suke taɓe baki a bayan idonsa suna cewa kuɗi sun hau masa kai, yau ga su sun naɗe hannun riga suna yagar nama, mai na bin gwiwar hannunsu, suna "Allah ya raya, ai wannan ya fi dacewa da ita." Har da masu ƙulla saura a leda. An ajiye mini faranti a gaba, ƙarnin naman kawai na ji na ture shi gefe. Tir!

An sa wa yarinya leshi, an shafa mata jan baki, an ɗora ta a kujera a tsakiya. Aka yi addu'a, aka kira sabon suna. Ba ta waiwaya ba. Aka sake kira, tana ta wasa da awarwaronta. Sai da uban ya dafa kafaɗarta ya matsa, sannan ta ce "Na'am" da ƙyar, mutane suka ɗauki shewa. Can da na shiga kicin shan ruwa ta biyo ni, ta kama gefen zanena.

Ta ce, "Goggo, laifi na yi?"

Na ce, "Ba ki yi komai ba, uwata."

"To me ya sa aka karɓe?"

Na goge mata jan bakin da gefen mayafina, na ce ta koma kada a neme ta.

Daga ranar aka kafa doka a gidan, duk wanda bakinsa ya kuɓuce ya kira tsohon suna sai ya sha faɗa. An kankare rubutun gilashin mota. Ni dai na yi kunnen uwar shegu, a aji da Muzna nake kiranta. Da farko da sauri take amsawa, har da murmushi. Takan raɓo ni bayan an tashi ta tambaye ni ko takwararta ta fara zama, ko ta yi haƙori. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma duban ƙofa kafin ta amsa. Daga baya ta daina tambayar jaririyar. Na ce a raina tsoro ne, tsoro kuwa yana wucewa, in ta girma za ta karɓi abinta.

Wata ranar Laraba an tashi, yara sun watse, ta manta jakarta a kan benci. Babu kowa a ajin sai ni da ita, ba wanda zai kai rahoto gida. Na ɗaga jakar na ce, "Muzna, zo ki ɗauka."

Ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo. Ba ta dubi hagu ba, ba ta dubi dama ba, babu alamar tsoro a fuskarta ko kaɗan. Ta yatsine hanci, irin yatsinar ubanta sak.

Ta ce, "Goggo, ki daina kirana haka. Wannan ai sunan 'ya'yan 'yan dako ne."

Shekararta bakwai a lokacin. Ta zo ta zare jakar daga hannuna ta fita.